Sanarwa: Zaman duban wata ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa ya wuni lafiya.

Ranar Asabar bayan sallar Isha'i za mu haɗu a filin da muka saba a Tudun Wada, mu kawo ƙarshen gardamar nan da ake yi kan yadda husufi ke faruwa. An zaɓi daren sha huɗu ga wata ne da gangan, lokacin da wata ke cika.

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskowa, shi ya sa muke ganinsa daga jinjiri zuwa cikakke, ya ragu har ya sake komawa jinjiri, duk cikin kwana 29 da rabi. Husufin wata sai a tsakiyar wata, idan duniya ta shiga tsakani inuwarta ta rufe shi. Na rana kuwa ƙarshen wata yake faruwa, kamar na 29 ga Maris 2006 da ya duhunta Gusau da Katsina. Me ya hana a samu husufi kowane wata? Hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi ta kewaye rana, shi ya sa ba kowane wata su ukun ke yin layi ɗaya ba. Za mu gwada wannan da tocila da lemo.

Kowa ya zo da tabarmarsa da naira 500 na shayi. Ku taho da yara, su suka fi tambaya.

Allah ya kai mu.