Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba sai an haukace ba

Assalamu alaikum Edita, ina fatan kana lafiya da ma'aikatanka baki ɗaya. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana maza, musamman mu 'yan kasuwa.

Bara waccan jarina ya karye, bashi ya yi mani katutu, na daina barci, sai in kai ƙarfe uku na dare ina juyi ina lissafin da ba ya ƙarewa, da safe kuma yaro ya zubar da koko kawai in hau shi da faɗa kamar zan ci babu. Uwargida har ta koma ba ta iya tambayata kuɗin cefane sai ta aiko yara. Ni duk a zatona olsa ce da hawan jini, da na je asibiti likita ya gwada ni ya saurare ni, sai ya tura ni ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Wallahi raina ya ɓaci, na ce ni mahaukaci ne?

Amma na daure na je. Ba allura ba ɗaure mutum, zama ne kawai da hira. Likitan da na tarar a can ya sa na riƙa rubuta abin da ke zuwa raina da daddare, in mun haɗu mu bi shi ɗaya bayan ɗaya, wanne ne ya faru da gaske, wanne ne tsoro kawai ya ƙaga mani. Nan na gane rabin abin da ke hana ni barci bai ma faru ba. Ya koya mani jan numfashi a hankali in fushi ya taso, da ajiye waya nesa da shimfiɗa, da ɗan tattaki bayan sallar asuba. Shi ne ma ya ƙarfafa ni na je na zauna da masu bina bashi muka tsara biya, maimakon ɓuyar da nake yi. Kuma bai taɓa ce mani in bar addu'a ba.

Mu an raine mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya kuka. To ga mutanen Jibiya da Batsari da Safana da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, su wa suke gaya wa?

A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Roƙona ga gwamnatin jiharmu ta Katsina a sa masu wannan aiki a manyan asibitocin Daura da Funtuwa da Dutsin-ma, kuma ku ma ku ware mana shafi ko sau ɗaya a wata da likita zai riƙa amsa tambayoyinmu da Hausa.

Naku, wani ɗan kasuwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.