A Ba Ɗalibai Lokacin Koyo da Hannunsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan koyarwa ta hanyar aiki da hannu a ƙananan gundumomin ilimi, inda makarantu ba su da yawa, kuɗin da ake ware musu kuma bai taka kara ya karya ba.

Uzurin da aka saba ji shi ne rashin ɗakin gwaje-gwaje da kayan aiki masu tsada. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina babban cikas shi ne rashin lokaci a jadawalin darussa. Makarantar da masanin ilimi John Dewey ya buɗe a Jami'ar Shikago ta Amurka a 1896 ta fara ne da yara ƙalilan, kuma ta hanyar girki da saƙa da kafinta da aikin lambu ake shigar musu da lissafi da kimiyya. Yaron da zai auna katako kafin ya yanka dole ya san rabi da kwata, wanda kuma ya shuka iri a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, yana auna tsayinsu yana rubutawa, ya fahimci amfanin haske ga tsiro fiye da wanda ya haddace shi daga allo. A 2014 wani mai bincike, Scott Freeman, da abokan aikinsa sun tattara nazarce-nazarce 225 kan darussan kimiyya da injiniyanci da lissafi, suka gano cewa kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗaliban da ake yi wa lacca kawai suna faɗuwa, alhali a azuzuwan da ake sa su aiki adadin bai wuce kashi 22 ba. A jami'o'i aka yi wannan binciken, sai dai darasinsa bai tsaya a can ba.

Amma ba kowane aiki ne karatu ba. Lokacin da Shugaba Julius Nyerere ya fito da manufar ilimin dogaro da kai a Tanzaniya a 1967, makarantu sun buɗe gonaki, sai dai a wurare da yawa noman ya rabu da darasin aji, saboda jarrabawar rubutu ce ke yanke hukuncin wanda zai ci gaba. Aikin da malami bai haɗa shi da tambaya da awo da rubutu ba ƙwadago ne kawai, iyaye kuma suna da hujja idan suka ƙi shi.

Ƙaramar gunduma tana da sauƙin da babba ba ta da shi, domin shugabannin makarantunta sun san juna, kuma za su iya zama a teburi ɗaya su yanke shawara. Saitin kayan gwaji guda zai iya zagaya makarantun bi da bi, malamin fasaha ɗaya ya raba kwanakinsa tsakaninsu, ƙungiyoyin muhawara da na kimiyya su riƙa haɗuwa a ƙarshen zango kowa ya nuna abin da ya yi.

Don haka ina kira ga hukumomin irin waɗannan gundumomi da su ware darussa biyu a jere kowane mako domin aikin hannu, tunda minti 40 na darasi ɗaya kan ƙare a fito da kaya da mayar da su, sannan su sa makin aikin ya shiga sakamakon zango.

Naka,
Wani malamin makaranta