Shin mu faɗa wa Baba abin da hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna?

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki.

Mahaifina shekarunsa 71, kuma kusan shekara biyu ke nan da muka fara lura da mantuwarsa. Da farko mun ce tsufa ne. Sai abin ya kai zai tambaye ni abu, in ba shi amsa, kafin in miƙe ya sake tambaya, har sau huɗu sau biyar. Sunayen abokansa na firamare kuwa tsaf yake jero su, amma wanda ya zo gaishe shi da safe, kafin yamma ya manta an zo. Ranar da ya ɓace a hanyar da ya fi shekara 30 yana bi, ranar na daina cewa tsufa ne.

A asibiti da gwajin jini aka fara, domin an ce ƙarancin bitamin B12 ko matsalar tayroid, wata gaɓa da ke cikin wuya, kan jawo irin haka, kuma ana warkewa. Na yi ta addu'a Allah ya sa ɗayansu ne. Ba su ba ne. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da na'urar MRI, likitan ya nuna min wani ɗan sashe can ciki mai suna hifokamfas, wanda shi ke karɓar sabon abu ya adana, ya ce ya ƙanƙance. Shi ya sa tsohon labari yana nan daram, sabo kuma ba ya zama. Akwai kuma wasu fararen ɗigo-ɗigo, alamar ƙananan jijiyoyin jini da suka lalace, kuma hawan jinin da Baba ya daɗe yana sakaci da maganinsa na da hannu a ciki. Zatonsu cutar Alzheimer ce, wato cutar ƙwaƙwalwa mai kawo mantuwa, haɗe da ta jijiyoyin jini. An ba shi wani magani mai suna donepezil, aka kuma faɗa min ƙarara cewa sassauci yake kawowa, ba ya warkarwa.

Daga baya na karanta cewa a cutar Alzheimer wasu sinadarai biyu, amiloid da tau, kan fara taruwa a ƙwaƙwalwa shekara goma ko fiye kafin a ga alama. Wannan ya tsaya min a rai. Ashe duk lokacin da nake ƙosawa da shi, har ina ɗaga masa murya, abin yana cinsa ta ciki.

Ga inda na tsaya. Yayanmu ya ce kada kowa ya faɗa wa Baba, zai karya masa zuciya a banza tunda ma mantawa zai yi. Da muka fito daga asibiti Baba ya tambaye ni, “Me suka ce?” Na ce gajiya ce. Tun ranar ban samu sukuni ba, domin ya san da wani abu. Wani dare ya riƙe hannuna ya ce, “Kan nan nawa ba daidai yake ba, ko?”

Ni a ganina haƙƙinsa ne ya sani yanzu, tun yana iya faɗin yadda yake so a yi da dukiyarsa, da wanda yake so ya kula da shi, ya kuma ajiye tuƙin mota da kansa, ba sai mun ɓoye masa makulli ba. Amma ina tsoron ya shiga damuwar da za ta ƙara rikita shi.

Likita, a faɗa masa ko a bari? In za a faɗa, ni ce zan faɗa ko likitansa? Idan kuma ya manta ya sake tambaya gobe, sai in sake faɗa masa daga farko?

Na gode.
'Yarka mai sauraro