Kujerar kansila idan ta zama babu kowa: ƙa'idojin zaɓen cike gurbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku don in yi bayani kan wani zaɓe da ba a cika ba shi muhimmanci ba, wato zaɓen cike gurbi na kansila. Idan kansila ya rasu ko ya ajiye aiki, abin da aka saba gani shi ne kujerar ta zauna haka nan har wa'adi ya ƙare, ko kuma manyan jam'iyya su ɗauko wani su ɗora. Duka biyun sun saɓa wa doka. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, kuma Kotun Ƙoli, a hukuncinta na 11 ga Yuli, 2024, ta haramta kantomomi da kwamitocin riƙo.

Farko dai, wa ke shirya zaɓen? A ƙananan hukumomi shida na Abuja, wato AMAC (ta cikin birnin Abuja) da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, masu mazaɓun kansila 62, hukumar INEC ce. A jihohi kuwa, hukumar zaɓe ta jiha ce, irin su KANSIEC a Kano. Sai dai rajistar masu zaɓe guda ɗaya ce, ta INEC. Sannan sashe na 150 na tsohuwar Dokar Zaɓe ta 2022 ya tanadi cewa tsarin da ake bi a Abuja shi hukumomin jihohi za su bi, wanda ya kauce kuma zaɓensa bai inganta ba. Kowa ya ga yadda Kotun Ƙoli ta rushe zaɓen ƙananan hukumomin jihar Ribas a watan Fabrairun 2025.

Gurbi yana samuwa ne ta rasuwa, ko murabus, ko karɓar wani muƙami, ko kiranye. Kiranyen ba wasa ba ne, sai an tara sa hannun rabin masu rajista a mazaɓar, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Kujerar ciyaman ba ta cika kaiwa ga zaɓe ba, tunda mataimakinsa ne ke hayewa. Ta kansila ce ake komawa akwati a kanta, kuma dokar 2022 ta ɗibar wa wannan kwana 30 kacal daga ranar da gurbin ya samu.

To, a cikin kwana 30 ɗin nan ne 'yan takara ke faɗawa rami. Sharuɗɗan kansu masu sauƙi ne: ɗan Nijeriya, mai rajistar zaɓe, ɗan shekara 25 ko fiye, mai shaidar gama sakandare ko makamancinta, kuma jam'iyya ta tsayar da shi, don har yanzu babu takarar ɗan ba-ruwanmu. Ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe. A lura da wannan da kyau, domin idan wa'adin zaɓen gaba ɗaya kwana 30 ne, malamin firamare da ya tsaya shawara da iyalinsa na mako guda ya riga ya makara. Sai kuma takardu. Sunan da ke katin zaɓe daban, na shaidar makaranta daban, shekarun haihuwa kuma sun sha bamban da na takardar rantsuwa. Abokin hamayya ba ya buƙatar fin ka jama'a idan lauyansa ya riƙe wannan.

Fidda gwani ma haka. Saboda ƙurewar lokaci, jam'iyyu sun fi son maslaha, a zauna a gidan wani babba a ce wane aka bar wa. Dokar 2022 ta yarda da maslaha, amma da sharaɗin kowane mai neman takara da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye kuma ya amince da wanda aka tsayar. Mutum ɗaya ya ƙi sa hannu, maslaha ta rushe, sai a koma zaɓen fidda gwani. Janyewar baki a gaban dattawa, komai girman dattawan, kotu ba ta san da ita ba.

Game da masu jefa ƙuri'a: ba a buɗe sabuwar rajista don zaɓen cike gurbi, kuma 'yan wannan mazaɓar kaɗai ke da ƙuri'a, kowa a rumfarsa. Ɗan takarar da ya cika mota da magoya baya daga maƙwabciyar mazaɓa asarar mai kawai ya yi. Kamfe yana tsayawa awa 24 kafin ranar zaɓe. A tsarin INEC ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi da 2:30 na rana, wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓensa. Na'urar BVAS ke tantance mutum da yatsa ko da fuska. Takardar ƙuri'a alamar jam'iyya ke jikinta, ba sunan ɗan takara ko hotonsa ba, don haka a koya wa tsofaffi inda za su dangwala, da yadda za su naɗe takardar kada tawada ta shafi wani gida ƙuri'ar ta lalace.

Ejan, wato wakilin jam'iyya a rumfa, shi ne idon ɗan takara, amma sau da yawa shi ake ɗauka a makare, a ba shi kuɗin abinci a ce ya je. Dole jam'iyya ta miƙa sunansa da hotonsa tun kafin ranar, in ba haka ba baturen zaɓe na da ikon korarsa. Aikinsa na gaske yana farawa ne bayan ƙirga: ya duba adadin waɗanda na'ura ta tantance, ya gwada da jimillar ƙuri'u, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa na takardar sakamako. A ce an tantance mutum 180 aka ƙirga ƙuri'a 183, aringizo ya tabbata, za a soke rumfar ɗungurungum, har da ƙuri'un wanda ba shi ya yi maguɗin ba. Idan kuma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ba, zaɓe bai kammala ba, sai an sake a can. A mazaɓar kansila, inda ƙuri'a ɗari ke iya raba gardama, rumfa ɗaya ta isa jawo haka.

Kansila da rinjayen ƙuri'a kawai yake ci, ba a neman kaso ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na mazaɓu kamar ciyaman. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 daga ranar bayyana sakamako ya shigar da ƙara, kuma kwafin takardun sakamako na rumfuna su ne hujjarsa.

Roƙona gare ku, Malam Edita, duk lokacin da kuka buga labarin rasuwar kansila, ku sa wakilinku ya tambayi hukumar zaɓen jihar ranar da ta tsayar don cike gurbin, ku buga amsar da ta bayar.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai karanta jaridarku,
daga Gwagwalada