Yaron da ke kwance a gado ma yana da baki

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka. Shekarata 18 ina aikin jinya a ɗakin yara, kuma akwai abin da ya daɗe da tsaya mini a rai: likita ya zo bakin gadon yarinya 'yar shekara 15, ya fuskanci ubanta ya yi ta bayani, ita kuwa kamar ba ta wurin.

Akwai wata mai ciwon sikila da na yi jinya. Tun tana ƙarama ake ƙara mata jini. Ta san jijiyar da ke karɓar allura, ta san ciwon da zai lafa da kansa da wanda sai an kwantar da ita. Ranar da aka ce za a cire mata matsarmama saboda tsakuwa, mahaifinta ya sa hannu, kowa ya watse. Sai ta riƙo hannun rigata, ta ce, "Anti, wai me za a cire?"

Ban ce a ba yaro wuƙa da nama ba. Na ga wanda zai ƙi maganin da zai ceci ransa don tsoron allura kawai. Amma shekaru kaɗai ba sa auna hankali. A 1985, a shari'ar Gillick, kotu mafi girma a Ingila ta yanke cewa wanda bai kai 16 ba yana iya amincewa a yi masa magani, muddin ya fahimci abin da kyau. A can ne kuma Hannah Jones, tana da shekara 13, ta ƙi dashen zuciya a 2008. Ba a tilasta mata ba. A 2009 ta sauya ra'ayi da kanta, aka yi mata. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma, sashe na 12, cewa ta yi a ji ta bakin yaro gwargwadon shekarunsa da wayonsa.

Ita kuwa yarinyar nan mai sikila, na koma na kira mata likitan. Ya zauna, ya zana mata a takarda. Ta tambaye shi ko sikilar za ta warke bayan aikin, ya ce a'a. Ta yi shiru jim kaɗan, ta ce, "To a yi. Amma a hannun hagu za a sa mini ruwa, na dama ya gaji."

Taka,
Wata ma'aikaciyar jinya