Wasiƙa ga Amini Kan Tsokokin Mazaunai da Wurin Allura

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ya baƙunta, ya kuma sabon aiki a ɗakin shan magani? Ka tambaye ni dalilin da ake hana soka allura a tsakiyar mazauni, alhali nan ne nama ya fi kauri. Ga amsa.

Tsokoki uku ne a jere, wata kan wata. Babbar ita ce ta sama, wadda ta ba mazauni siffarsa. Daga bayan ƙashin ƙugu take tasowa ta sauko ta kama ƙashin cinya, kuma ita ke miƙe mutum idan zai tashi daga tsugune ko zai hau bene. Ƙarƙashinta, can sama ta gefe, akwai matsakaiciya, sannan ƙarama a ƙarƙashin wannan. Su biyun ke riƙe ƙugu daidai duk lokacin da aka ɗaga ƙafa ɗaya a tafiya. In kana son gwada su, sa mutum ya tsaya da ƙafar dama kaɗai: idan ƙugunsa na hagu ya zube ƙasa, to raunin yana dama, ba hagu ba. Nan da yawa suke rikicewa.

Matsalar tana can ciki. Akwai wata 'yar tsoka, firifomis, da ta gitta daga ƙashin gadon baya na ƙasa zuwa kan ƙashin cinya. Ta ƙarƙashinta jijiyar sayatik ke fitowa, jijiyar da ta fi kowace kauri a jiki, faɗinta kusan santimita 2, ta ratsa ƙasan tsakiyar mazauni ta gangara bayan cinya. Allura ta same ta, sai mara lafiya ya ji zafi kamar wutar lantarki har tafin ƙafa. Sau da yawa reshen da ke ɗaga ƙafa ne ke lalacewa, sai ka ga yaro yana jan yatsu a ƙasa, iyaye su ce shan inna ne.

Saboda haka ka raba mazauni gida huɗu da ido, ka tsaya a na sama ta waje. Ni dai na fi natsuwa da gefen kwankwaso. In hagun mara lafiya ne, ɗora tafin hannunka na dama kan ƙashin nan da ya turo a gefen cinya, manuniya ta nufi tsinin ƙashin ƙugu na gaba, ka buɗe ɗan yatsan tsakiya zuwa baya, ka soka a miƙe tsakanin yatsun biyu. Nan matsakaiciya take, nesa da sayatik, kitse ma bai kai na baya ba.

Jariri kuwa, wanda bai fara tafiya ba, tsokokin nan ba su ginu ba tukuna. Bar mazauninsa, yi masa a tsakiyar cinya ta gefen waje, kada maganin ya wuce mililita 1. Kuma duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ko da bayan allura ne, ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka a ɗauki bahayarsa cikin kwana 14 da sakin ƙafar, don a gwada ko shan inna ne.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini.