Wane suna ake karewa da rufa-rufa?

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da shugabannin ma'aikatu na nan Bauchi, da ku 'yan jarida, kan matsin da wasu manya ke yi wa mata a wurin aiki don neman lalata da su.

Na yi aikin jinya har na yi ritaya. Duk lokacin da yarinya ta kai ƙarar oga, amsar ɗaya ce: "Ki yi haƙuri, kada ki ɓata mana suna." 'Yar ƙanwata ta ji wannan magana kwanan baya a wani asibiti mai zaman kansa. Saƙonnin da mutumin ke turo mata tsakar dare suna nan a wayarta, ta nuna, aka karanta, sai ita aka sauya wa ɓangare, shi kuwa yana kan kujerarsa. Yau har mai shayin bakin ƙofa ya san zancen, kuma wani uba ya hana 'yarsa karɓar aiki a wurin. Ma'aikatan kirki, waɗanda su ne suka fi yawa, kunya suke ji su faɗi inda suke aiki.

A 2018 muryar wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta bazu yana neman ɗalibarsa don ya ba ta maki. Jami'ar ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, kotu ta ɗaure shi shekara biyu. A ganina korar nan ce ta wanke jami'ar. Doka ma tana nan: Bauchi ta amince da dokar VAPP mai hana cin zarafin mutane a 2020, Najeriya kuma ta rattaba hannu kan yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, a 2022.

Ku kuma 'yan jarida, kukan buga "badaƙala" da manyan baƙaƙe, bayan mako guda ku wuce. Wani sa'in ku ɓoye sunan yarinyar amma ku faɗi unguwarsu da ɓangarenta, alhali Bauchi gari ne da kowa ya san kowa. Don Allah ku daina. Ku koma bayan wata uku ku tambayi shugaban wurin: an kafa kwamiti? Akwai mace a ciki? Mai ƙarar tana nan a bakin aikinta? Ku buga amsar, in ya ƙi magana ma ku buga cewa ya ƙi.

Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Unguwar Jahun, Bauchi.